SHARHI: Yadda Amurka ta gina, ta kuma rushe, manufar damawa da kowa a ɗakunan binciken kimiyya

A ranar 21 ga Agusta, 2025, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, wanda ya bai wa gwamnatin Shugaba Donald Trump damar ci gaba da riƙe kuɗin tallafin bincike kimanin dala miliyan 783 da Cibiyar Nazarin Lafiya ta ƙasar, wato NIH, ta soke. Laifin ayyukan da aka katse wa kuɗi, a cewar gwamnati, shi ne alaƙarsu da batutuwan jinsi da kuma manufar da ake kira DEI a taƙaice, wadda ta ƙunshi damawa da kowane jinsi da launin fata, da yin adalci wajen rabon dama, da yaƙi da wariya.

Wata biyu kafin wannan hukunci, Alƙali William Young na wata kotun tarayya da ke Boston ya bayyana soke tallafin a matsayin haramtacce. Tsohon Shugaba Ronald Reagan na jam'iyyar Republican ne ya naɗa Young, amma duk da haka alƙalin ya ce a shekaru kusan 40 da ya yi a kan kujerar shari'a bai taɓa ganin gwamnati ta nuna wariyar launin fata ƙarara kamar wannan ba. Kotun Ƙoli ba ta wanke gwamnati daga wannan zargi ba. Abin da masu rinjaye suka ce shi ne, ƙarar neman kuɗi daga gwamnati tana da kotunta daban, can ya kamata masu binciken su nufa.

Maganar ta wuce rikicin cikin gida na Amurka. NIH ce hukumar gwamnati mafi girma a duniya wajen ɗaukar nauyin binciken lafiya, kasafinta ya haura dala biliyan 45 a shekara, kuma wani kaso na kuɗin yana isowa har ɗakunan gwaje-gwaje na Legas da Ibadan da Abuja. Haka kuma tambayar da ake taƙaddama a kanta, wato yadda za a haɗa cancanta da adalci a wurin aikin gwamnati, tambaya ce da duk ma'aikacin tarayya a Najeriya ya san ɗacinta.

Inda aka faro

Ruwa ba ya tsami banza. A watan Agustan 2011 mujallar Science ta wallafa binciken da masaniyar tattalin arziki Donna Ginther ta jagoranta, wanda NIH da kanta ta ɗauki nauyi. An duba takardun neman babban tallafin cibiyar daga 2000 zuwa 2006, aka gano cewa kimanin kashi 29 cikin 100 na buƙatun fararen fata ne suka samu shiga, yayin da na baƙaƙen fata ya tsaya a kashi 16. Ko bayan an cire tasirin ilimi da jami'ar da mutum yake aiki da yawan abin da ya wallafa, sai da tazarar kimanin maki goma ta rage, wadda babu abin da ya iya bayyana ta.

Shekara guda bayan haka wasu masana a Jami'ar Yale suka gwada malaman kimiyya 127. An aika musu takardar neman aikin manajan ɗakin gwaje-gwaje iri ɗaya sak, sai dai rabi an sa mata sunan namiji, rabi sunan mace. Malaman sun ɗauki namijin a matsayin wanda ya fi ƙwarewa, suka yanka masa albashin da ya ɗara dala 30,000 a shekara, ita kuwa macen kimanin dala 26,500. Malamai mata ma sun nuna wannan fifiko kamar takwarorinsu maza.

A 2019 wani binciken na ma'aikatan NIH ya ƙara haske. An gano cewa masana baƙaƙen fata sun fi karkata ga nazarin lafiyar al'umma da bambancin da ke tsakanin jama'a wajen kamuwa da cuta, kuma irin waɗannan batutuwa ba sa samun kuɗi kamar binciken ƙwayoyin halitta. Zaɓin batu kaɗai ya ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin biyar na tazarar. Ma'ana, matsalar ta shafi har da irin tambayar da hukuma take ganin ta cancanci a kashe mata kuɗi.

Guguwar 2020

Kisan da ɗan sanda ya yi wa George Floyd a birnin Minneapolis ranar 25 ga Mayu, 2020 shi ne ya fito da waɗannan alƙaluma daga cikin mujallu zuwa bainar jama'a. A ranar 10 ga Yuni dubban masana a Amurka da wajenta suka ajiye aiki na yini guda domin tattauna wariya a fagen kimiyya.

A watan Oktoba na shekarar, masana biyu mata, Bala Chaudhary da Asmeret Asefaw Berhe, suka wallafa ƙa'idoji goma na gina ɗakin binciken da ke yaƙi da wariya. Berhe 'yar asalin Eritriya ce, masaniyar kimiyyar ƙasar noma, wadda daga baya a 2022 ta zama shugabar Ofishin Kimiyya na Ma'aikatar Makamashin Amurka. Abin da ya sa rubutun ya yi tasiri shi ne ya ɗora nauyin a wuyan shugaban ɗakin bincike, mutumin da ke ɗaukar ɗalibi, ya raba aiki, ya yanke sunan wanda zai fara fitowa a takarda, ya kuma rubuta wasiƙar shaida da za ta buɗe wa yaro ƙofa ko ta rufe masa. Shawarwarin nasu na aiki ne. A duba yadda ake horar da na ƙasa. A rubuta takardu da neman tallafi tare da abokan aiki daga ɓangarorin da aka bari a baya. A sa batun tsaron lafiyar ɗalibi baƙar fata cikin ƙa'idojin fita aikin fili, tun da akwai unguwannin da ganinsa da kayan awo kaɗai zai sa a kira masa 'yan sanda. Kuma shugaba ya daina jiran godiya don ya yi abin da ya kamata.

A ranar 1 ga Maris, 2021 shugaban NIH na lokacin, Francis Collins, ya nemi afuwar masanan da wariya ta tauye, ya kuma ƙaddamar da shirin da aka sa wa suna UNITE. Cibiyar ta ware dala miliyan 241 ga wani shiri na taimaka wa jami'o'i su ɗauki sabbin malamai rukuni-rukuni, domin kada wanda aka ɗauka ya tsinci kansa shi kaɗai a sashe.

Hujjar da ta fito daga kimiyyar kanta

Mafi ƙarfin hujjar magoya bayan manufar ita ce wadda ta shafi ingancin sakamako. Misali mafi sauƙi shi ne ƙaramar na'urar da ake maƙala wa majinyaci a yatsa domin auna iskar oksijin a jini, wadda ke aiki ta hanyar haska fata. A watan Disamban 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka nuna cewa a cikin majinyatan da na'urar ta ce lafiyarsu lau, kashi 11.7 na baƙaƙen fata suna cikin ƙarancin iska mai haɗari, alhali a fararen fata kashi 3.6 ne. An gano haka ne ana tsakiyar annobar korona, lokacin da wannan awo ke yanke wanda za a kwantar da wanda za a sallama. Ƙa'idar hukumar kula da magunguna ta Amurka ta 2013 ta nemi a sa mutum biyu kacal masu duhun fata, ko kashi 15 na waɗanda aka gwada, kafin a amince da na'ura. Irin waɗannan na'urori ne ake sayowa a yi amfani da su a asibitocin Afirka.

Haka ma lissafin ƙarfin aikin ƙoda. An shafe shekaru ana ƙara wa baƙar fata maki a cikin lissafin, abin da ke nuna ƙodarsa ta fi yadda take lafiya, har ya jinkirta sa shi a layin dashe. Sai a 2021 manyan ƙungiyoyin likitocin ƙoda na Amurka suka ba da shawarar cire launin fata daga lissafin. A fagen nazarin ƙwayoyin gado kuwa, wani bita da aka yi a 2019 ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi nazari a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kimanin kashi 2, duk da cewa nahiyar ce ta fi ko'ina a duniya yawan bambancin ƙwayoyin gado.

Babu wanda ya zauna ya ƙera na'ura da niyyar cutar da baƙar fata. Abin da ya faru shi ne, a ɗakin da aka yi aikin babu wanda tambayar ta zo masa, ko kuma wanda ta zo masa ba shi da muryar da za a saurara. Wani nazari na Jami'ar Stanford da aka wallafa a 2020, wanda ya bi diddigin masu digirin digirgir kimanin miliyan 1.2 a Amurka, ya gano cewa ɗalibai daga ɓangarorin da ba su da yawa a fanninsu sun fi kawo sabon tunani, amma ba a cika ɗaukar tunanin nasu a ci gaba da shi ba, kuma bai cika kai su ga kujerar farfesa ba.

Inda aka yi tuntuɓe

Masu suka ma suna da abin faɗa, kuma ba dukansu ne masu ƙiyayya ba. Jami'o'i da dama sun wajabta wa mai neman aikin koyarwa ya rubuta bayanin irin gudummawar da zai bayar ga manufar. A wani zagayen ɗaukar malaman kimiyyar halittu a Jami'ar California da ke Berkeley, an zubar da kimanin kashi uku cikin huɗu na masu nema bisa wannan bayani kaɗai, kafin a duba bincikensu. Malamai da yawa, har da masu goyon bayan adalci, suka ga hakan a matsayin jarrabawar aƙida. Cibiyar fasaha ta MIT ta daina neman bayanin a watan Mayun 2024, tun kafin Trump ya dawo mulki.

Tarurrukan bita na dole ma ba su cika alƙawari ba. Masana zamantakewa Frank Dobbin da Alexandra Kalev sun bi bayanan ɗaruruwan kamfanonin Amurka na tsawon shekaru, suka ga cewa tilasta wa manajoji zaman bita ba ya ƙara yawan mata da baƙaƙen fata a muƙaman shugabanci, wani lokaci ma yakan jawo tirjiya. Abin da suka ga yana aiki shi ne tsarin raino, inda babba ke riƙe hannun ƙarami, da kuma ɗora wa wani takamaiman jami'i ko kwamiti alhakin sakamako. Sannan akwai kukan su kansu masanan da ake son taimakawa: duk kwamitin da aka kafa sai an jefa su ciki, lokacin da ya kamata su yi bincike ya tafi a zaman taro, kuma ranar ƙarin girma ba a lissafa wannan wahala.

A ranar 29 ga Yuni, 2023 Kotun Ƙoli ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'a. Ranar 20 ga Janairu, 2025, a yininsa na farko a ofis, Trump ya sa hannu a kan umarnin rufe dukkan ofisoshi da shirye-shiryen DEI a gwamnatin tarayya. Washegari ya soke umarnin da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu tun 1965, wanda ya wajabta wa 'yan kwangilar gwamnati ɗaukar matakin daidaita damar aiki. Cikin 'yan watanni aka rufe shirye-shiryen NIH na tallafa wa ɗalibai da matasan masana daga ɓangarorin da aka bari a baya, aka soke ɗaruruwan ayyuka, wasu suna tsakiyar gwaji a kan majinyata. Abin da umarnin shugaban ƙasa ya kafa, umarnin wani shugaban ya share shi.

Abin da ya fi wuyar sharewa

Akwai abin da alƙalamin shugaba bai kai gare shi kai tsaye ba. Shugaban ɗakin binciken da ya rubuta ma'aunin tantance masu neman aiki tun kafin ya ga sunayensu, ya yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, ya tallata gurbi a fili maimakon raɗa wa abokai, bai karya wata doka ba. Haka wanda ya rubuta ƙa'idar jera sunaye a takarda tun ranar da aka fara aiki, ko wanda ya biya ɗalibi mai koyon aiki alawus domin ɗan talaka ma ya iya zama. Waɗannan matakai ba sa ambaton launin kowa, amma suna toshe ƙofofin da son kai ke shigowa.

Shirin Meyerhoff na Jami'ar Maryland da ke gundumar Baltimore misali ne. An kafa shi a ƙarshen shekarun 1980 ƙarƙashin jagorancin Freeman Hrabowski domin ɗalibai baƙaƙen fata, aka buɗe shi ga kowa a 1996. Ginshiƙinsa shi ne tsananin karatu, da nazari a rukuni, da shigar da ɗalibi ɗakin gwaje-gwaje tun da wuri, da malamin da ke bibiyar sa. Daga cikin waɗanda ya yaye akwai Kizzmekia Corbett, wadda ta kasance cikin jagororin tawagar NIH da ta yi aikin rigakafin korona tare da kamfanin Moderna.

Inda abin ya shafi Najeriya

Alaƙa ta farko ta kuɗi ce. A ranar 1 ga Mayu, 2025 NIH ta sanar da dakatar da tsarin da jami'o'in Amurka ke yankar wani kaso na tallafinsu su miƙa wa abokan aiki a ƙasashen waje, har sai ta fito da sabon tsari. Ta wannan hanya ce ɗakunan bincike da yawa a Afirka suka riƙa biyan ma'aikata da sayen sinadarai. Shirin H3Africa, wanda NIH da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suka ɗauki nauyi, shi ya taimaka wajen ƙarfafa cibiyar ACEGID ta Farfesa Christian Happi da ke Ede a Jihar Osun, wadda ta fara tantance tsarin ƙwayar cutar korona a Afirka a watan Maris na 2020. Daga shirin ne kuma aka samu nazarin mutum sama da 8,000 a Najeriya da Ghana, wanda aka wallafa a 2024, da ya tabbatar da rawar da ƙwayar gadon APOL1 ke takawa wajen ciwon ƙoda a Afirka ta Yamma. Zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar yara masu cutar sikila ba za ta jira siyasar Washington ta yanke mata ko za a yi nazarin cutar ba.

Alaƙa ta biyu ta amana ce. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya cimma sulhu na dala miliyan 75 da Gwamnatin Kano. Tabon wannan lamari yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Al'ummar da ba ta ga nata a cikin masu bincike ba, ba a kuma yi mata bayani da harshenta ba, takan juya wa kimiyyar baya baki ɗaya.

Alaƙa ta uku ita ce ta tsari. Najeriya ta sa irin wannan manufa a kundin tsarin mulkinta. Sashe na 14(3) na kundin 1999 ya wajabta raba-daidai a hukumomin tarayya, Hukumar Raba Daidai ta Tarayya tana nan tun 1996, kuma dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta tanadi kashi 5 na guraben aikin gwamnati gare su. Babu shugaban da zai share waɗannan da sa hannu guda. Sai dai tsarin yana ƙirga kawuna ne a bakin ƙofa. Takardar shaidar asalin jiha ba ta faɗin wanda aka tura kwas ƙasar waje, da wanda aka bai wa makullin na'ura mai tsada, da matar da aka tsallake saboda ta tafi haihuwa, da ƙaramin ma'aikacin da ya kwana yana gwaji aka wallafa aikin da sunan darakta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, shi ne kukan da masanan Afirka ke yi da abokan aikinsu na Turai da ke zuwa su kwashi samfuri su tafi, kuma kukan ba ya canja ma'ana idan mai kwasar ɗan gida ne.

Ga babban sakatare ko hadimin minista da cibiyoyi irin su NIMR ta Yaba, ko NIPRD ta Idu a Abuja, ko cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke ƙarƙashin kulawarsa, akwai tambayoyin da ba sa buƙatar sabuwar doka ko ƙarin kasafi. Cikin waɗanda suka nemi tallafin bincike na TETFund a shekaru biyar da suka wuce, nawa ne mata, daga waɗanne jami'o'i suka fito, kuma nawa suka samu? Shin cibiyar tana da rubutacciyar ƙa'idar jera sunaye a takarda? Idan aka sa hannu a yarjejeniya da jami'ar waje, wa ke riƙe samfuri da bayanai? Na'urorin da ake sayowa, a jikin wa aka gwada su?

Amurka ta fara wannan muhawara ne saboda NIH ta yarda a buɗe littattafanta a ƙirga, aka ga tazarar da ba wanda zai iya musantawa. Hukumomin da ke raba kuɗin bincike a Najeriya suna da irin waɗannan takardu a ofisoshinsu, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman su.